Dalma ko gam? Amsa ga mai tambaya kan kunnen hitar gilashin baya

Malam, ka ce kunnen hitar gilashin bayan motarka ya ɓalle, kana tambaya ko da dalma za a liƙa shi ko da gam. Hitar ita ce siraran layukan nan da ke ɗumama gilashin su kore gumi, kunnen kuma ɗan ƙarfen da waya ke shiga. A kai wa rewaya ya liƙa maka da dalma. Na gwada duka biyun a Golf 3 ɗina, kuma kuɗin gam ɗin har yau yana yi mini ciwo.

Nawa kunnen ma buhu ne ya fizge shi. Na ɗauko masara daga kasuwar Giwa, yaran suka tura buhun ƙarshe da ƙarfi, ya goge gefen gilashin, ɗan ƙarfen nan da waya ke shiga ya ɓalle yana reto. Ban damu ba sai da Agusta ta shigo. Ranar da ruwa ya tare ni a hanyar Shika da mutum biyar cikin mota, gilashin baya ya yi gumi har ba na ganin fitilar tirelar da ke bina.

Na fara da gam saboda tsoron kada zafi ya fasa gilashin. Wani mai kayan gyara ya miƙo mini mai bututu biyu, ya rantse wuta na bi ta cikinsa. Ya kama kuwa, kamar an haife su tare. Na danna maɓalli, fitilarsa ta kawo, gilashi ko ɗumi. Ashe gam ne na liƙa roba da ƙarfe, wanda shi kansa katanga ne tsakanin kunnen da layukan. Sai da muka yi rabin awa muna kankare shi.

Akwai gam na gaskiya, mai garin azurfa a ciki, irin na Permatex. Yana aiki idan ka same shi na asali, ka goge wurin tas, ka bar shi awa 24 ba ka kunna ba. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Wanda ya gyara mini wani dattijon rewaya ne a Sabon Gari. Da na je da sassafe ya ce in dawo bayan azahar, wai ba ya ɗora ƙarfe mai zafi a gilashi mai sanyi. Gaskiyarsa: gilashin baya ba irin na gaba ba ne da ke tsagewa ya tsaya, shi idan ya tashi fashewa gaba ɗaya yake zubewa kamar tsakuwa. Ya cire kan batir, ya goge kunnen da faffaɗan layin gefe da sanfefa mai laushi har suka yi haske. Ya fara narka dalmar a jikin kunnen shi kaɗai, can nesa da gilashin. Sannan ya riƙe shi da filaya a mazauninsa, ya ɗora ƙarfen narka dalmar na 'yan daƙiƙu, ya ɗauke, bai motsa hannu ba sai da ta daskare. Ya ce layukan nan azurfa ce aka gasa a jikin gilashi, idan ka daɗe da zafi dalmar cinye ta take yi, ka rasa inda za ka liƙa. Na hura numfashi a gilashin muka kunna, ina kallo gumin yana janyewa layi-layi. Damina uku ke nan.

Abin da ya sa na fi yarda da dalma shi ne wutar da ke bi ta wannan ɗan wurin ba kaɗan ba ce, ta kai abin da fitilun gaba biyu ke ci, ko ta fi. Haɗin da bai zauna ba zafi yake ɗauka ya sake saki.

Kafin ka biya kowa, a duba fis. Idan kuma bayan gyara wasu layuka na aiki wasu ba sa yi, wannan yankewar layi ce, ba kunne ba. Mita za ta nuna: lafiyayyen layi yana ba da kusan volt 6 a tsakiyarsa, yankakke kuma 12 ko sifili. Masu ɓare baƙar ledar gilashi da reza su ne kan gaba wajen jawo wannan.

Ka kuma yi hattara da masu cewa "Alhaji, wannan sai an canza gilashi." Yawanci gilashin na jingine a bayan shago yana jiran mai saye, wani ma nasa layukan a yanke suke. Sai idan layin gefen ya ɗaye gaba ɗaya za ka saurari wannan magana. Duk gam ɗin da mai shago ya ce yana ɗaukar wuta, ka ce ya nuna maka inda aka rubuta azurfa a kwalin.

Ka tambayi rewayan ko ya taɓa yi a gilashi. Idan ya ɗauko wutar gas ko ƙarfen da ake gasawa a gawayi, tada motarka.