Kujera mai ɗamara ko busta: wacce ta dace da ɗan shekara huɗu?

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce yaronki yana da shekara huɗu da wata biyu, nauyinsa kilo 16, tsawonsa santimita 102, kuma kullum sai an kai ruwa rana kafin ya yarda a ɗaure shi a kujerarsa ta mota, wai ta jarirai ce. Ga haihuwa ta ƙarato, kina so ki bar wa jaririn kujerar, yaron kuma ki saya masa busta, wato kujerar da ke ɗaga yaro don a ɗaura masa bel ɗin mota. Ra'ayina shi ne ki dakata tukuna. Amma bari in jera miki kujerun biyu ki duba da kanki, don gani ya kori ji.

Abin da ya raba su tun daga tushe shi ne wa ke riƙe yaron. Mai ɗamara ita ce ke riƙe shi. Igiyoyinta biyar ne, biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu, duk sun haɗu a maɓalli ɗaya, ita kuma kujerar an ɗaure ta da mota. Ya yi barci, ya yi fushi, ya miƙa hannu zai ɗauko abin wasansa da ya faɗi, duk yana nan inda kika ajiye shi. Busta kuwa ba ta riƙe kowa. Ɗaga yaro kawai take yi don bel ɗin mota ya hau jikinsa a inda ya kamata. Wannan bel mai bi ta kafaɗa da cinya, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa kamfanin Volvo a 1959, da jikin babban mutum aka auna shi. Shi ya sa kamfanin ya fito da busta a 1978, don cike giɓin da ke tsakanin jikin yaro da bel ɗin manya.

Giɓin nan ba ƙarami ba ne. A jikin babba, bel na ƙasa yana kwanciya ne a kan ƙashin ƙugu, akwai ɗan tudu a gaban ƙashin da ke tare shi kada ya zame sama. A jikin ƙaramin yaro wannan tudun bai gama fitowa ba. Ga kuma gajerun cinyoyi: gwiwarsa ba ta kai bakin kujerar mota, sai ya zame gaba don ya lanƙwasa ƙafa, bel kuma ya hau cikinsa. In aka yi karo a haka, maimakon ƙashi ya karɓi bugun, sai hanji da hanta da saifa su karɓa, jiki ya naɗe a kan bel ɗin har ƙashin baya ya taɓu. Karo a gudun kilomita 50 a awa, wanda gudun cikin gari ne, ƙarfinsa kamar a faɗo ne daga tsawon mita goma. Busta tana hana wannan zamewar, kuma tana yin aikinta sosai. Wani bincike na asibitin yara na Filadelfiya a Amurka da ya fito a 2009 ya nuna cewa yara 'yan shekara 4 zuwa 8 da ke kan busta, haɗarin jin rauninsu ya ragu da kashi 45 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda aka ɗaura wa bel kawai. Sai dai ki lura da abin da aka kwatanta. Busta ce da bel tsirara, ba busta da mai ɗamara ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Duk amfanin busta ya rataya ne a kan yaron ya zauna daidai, daga tashin mota har tsayawarta: baya jingine, bel na ƙasa kwance a saman cinyoyi, na sama ya ratsa tsakiyar ƙirji ya bi tsakanin wuya da kafaɗa. Wato an miƙa wa ɗan shekara huɗu rabin aikin tsaron kansa. Ni da nawa na gwada, lokacin bai kai biyar ba. Kwana biyun farko ya zauna kamar ango, don murnar sabuwar kujera. Rana ta uku na ɗaga ido na kalli madubi, sai na ga ya zaro bel ɗin daga kafaɗa ya tura shi ƙarƙashin hammata, wai yana goga masa wuya. Na gyara. Da muka ɗan yi nisa barci ya kwashe shi, ya kife gefe, kansa a jikin ƙofa, bel yana lilo a gabansa bai taɓa ƙirjinsa ba. Ranar da daddare na fito da tsohuwar kujerar na mayar. Ba rashin ji ba ne, shekarunsa ne ba su kai ba. Bel a ƙarƙashin hammata kuwa haƙarƙari yake karyawa, in kuma aka tura shi bayan baya, to babu abin da ya tare kai da ƙirji.

Kada in yi wa busta rashin adalci. Mai ɗamara ma tana da nata sharuɗɗan, kuma iyaye da yawa suna saɓa su ba tare da sun sani ba. In igiyoyin sun yi sako-sako har kina iya tsungule su da yatsu biyu a kan kafaɗa, ba ta ɗauru ba. In an sa wa yaro rigar sanyi mai kauri aka ɗaure a kai, rigar za ta lotse lokacin karo ta bar fili. In kujerar tana da igiyar nan ta sama da ake maƙalawa a bayan kujerar mota kuma ba a maƙala ba, kan yaro zai yi gaba fiye da kima. Sannan ranar da yaro ya fi ƙarfinta, ta tashi daga aiki, ci gaba da sa shi a ciki ba taka-tsantsan ba ne, ganganci ne. Busta ta fi sauƙin sawa, ba ta da nauyi, ana cire ta daga wannan mota a sa a waccan cikin minti ɗaya. Kuma ba duk duniya ce ta bi hanya ɗaya ba. A Suwidin, inda aka san su da kula da tsaron yara a mota, yaro yakan zauna yana fuskantar baya har wajen shekara huɗu ko fiye, daga nan sai a kai shi busta kai tsaye. A Amurka kuwa ƙungiyar likitocin yara ta ce a bar shi a mai ɗamara har sai ya kai iyakar nauyi ko tsawon da masu ƙera kujerar suka rubuta. Duka biyun dai ba wanda ya ce ranar cika shekara ce ke yanke hukunci.

To sai mu zo kan naki. Ba ki faɗi iyakar kujerarku ba, kuma amsar tana can. Ki duba takardar da ke manne a gefenta ko ƙarƙashinta. In ƙirar Turai ce, yawanci ɗamarar tana ƙarewa a kilo 18 ko santimita 105. In ƙirar Amurka ce, da yawa suna kai fam 65, kusan kilo 29 ke nan. Yaro a wannan shekarun yana ƙara kamar santimita shida zuwa bakwai a shekara, da kilo biyu ko kusa da haka. Ke nan in ta Turai ce, saura masa wajen wata shida. In ta Amurka ce, yana iya yin shekara biyu ko fiye a ciki. Bayan lamba kuma ki duba jikinsa: a kujerar da ke fuskantar gaba, igiyoyin su fito daidai kafaɗa ko ɗan sama da ita. In kafaɗunsa sun wuce ramin ƙarshe na sama, ko saman kunnuwansa ya wuce bayan kujerar, ya fi ƙarfinta ko da nauyinsa bai kai ba. Ta ɓangaren busta kuma, ƙa'idar Turai ta yanzu ta fara daga santimita 100, tsohuwar ta fara daga kilo 15, a Amurka kuwa yawancinsu sun rubuta kilo 18 da shekara huɗu. Kin ga a wata takardar yaronki ya shiga da ƙyar, a wata bai ma shiga ba. Kuma wannan mafi ƙarancin abin da aka yarda ne, ba lokacin da ya fi dacewa ba.

In lokacin ya yi, ki sayi mai jingina, kada ki sayi 'yar matashiyar nan marar baya. Mai jingina tana da wurin da ake saƙala bel don ya tsaya a kafaɗa, tana da fukafukai a gefen kai da ke tare shi in ya yi barci, suna kuma kare shi in aka bugi motar daga gefe. Marar baya ta babban yaro ce. A Birtaniya tun daga 2017, sababbin samfurinta ba a amince da su sai ga yaron da ya wuce santimita 125 da kilo 22. In za a yi amfani da ita kuma, dole kujerar motar ta kasance da matokarar kai da ta kai saman kunnuwansa. Ki kuma duba inda za ki ajiye ta. Wasu tsofaffin motoci bel ɗin tsakiyar baya na cinya ne kawai, babu na kafaɗa. Busta ba ta zama a nan sam. In kuma babu kowa a kanta, ki ɗaure ta da bel, don in aka taka birki da ƙarfi tashi take yi kamar jifa.

Kada kuma ki ɗauka busta zangon 'yan watanni ne. Dokar Birtaniya ta ce har shekara 12 ko santimita 135, ta Jamus har shekara 12 ko santimita 150. Likitocin yara na Amurka sun ce bel ba ya zama daidai sai yaro ya kai kamar santimita 145, tsakanin shekara 8 da 12, kuma ya zauna a baya har shekara 13. Shekaru masu yawa zai yi a kanta, ba abin da zai rasa don ya makara wata shida ko shekara.

Zancen jariri kuwa, Allah ya sauke ki lafiya, shi kujera mai fuskantar baya yake buƙata, wadda aka yi don sabon haihuwa. In ta yayan mai fuskantar gaba ce kawai, ba ta ma yi masa ba, kin ga babu dalilin tada mai ita. In mai juyawa ce, wato tana iya fuskantar baya ko gaba, to tunda dole sai kin sayi ɗaya, akwai wadda ake fara amfani da ita da ɗamara, daga baya a cire igiyoyin ta koma busta. Ki saya wa babban yaron irin wannan, ki ce masa ga kujerar manya, ya samu abin da yake so, ke ma ki samu naki.

Kafin nan, ki binciki kukan nasa. Sau da yawa yaron da ke cewa ɗamara ta matse shi gaskiya yake faɗi: ya yi tsawo ba a ɗaga igiyoyin ba, suna danna masa kafaɗa, ko kuma ta tsakanin ƙafafu tana ramin da aka sa ta tun yana ɗan shekara biyu. Ki zaunar da shi a ciki mota na tsaye, ki sa yatsa a bayan kafaɗarsa ki ji daga ina igiyar ta fito.