Motocin Amurka: wadda ake yabo a nan daban, wadda za ta iya hanyar gida daban

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tambayar da ta fi zuwa mana, mu mazauna Amurka, bayan gaisuwa da tambayar iyali, ita ce ta mota: wacce ake yayi, wacce ce ba ta ba da wahala, kuma nawa za ta sauka Legas ko Kwatano. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa ga ta a rubuce.

Mota a nan ba ita kaɗai ake saya ba. Wanda ya ɗauki sabuwar Toyota yana tafiya da garanti na shekara 3 ko mil 36,000 a kan kusan komai, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya. Hyundai da Kia suna ba mai ita na farko shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya. In kamfani ya gano aibin da zai iya jawo haɗari, wasiƙa zai aiko har gida, a kai motar a gyara kyauta. Ga fetur mai tsabta, ga titi sumul, ga gareji mai kwamfutar kamfanin. Duk waɗannan ba sa hawa jirgin ruwa, ƙarfen kaɗai ke isowa tashar Tin Can ta Legas. Don haka in kun ji Ba'amurke na cewa motar kaza ba ta taɓa ba shi matsala ba, sai ku tambaya da wane mai take tafiya, a kan wane titi, kuma wa ke gyara masa.

Kasuwar ma ta canja. Matsakaicin farashin sabuwar mota yana wajen dala 50,000, yawanci kuma da bashi ake saya, a yi ta biya wata-wata har shekara shida. Mutane sun koma riƙe tsofaffinsu, har matsakaicin shekarun motar da ke kan titi ya haura 12. Ma'ana, Camry ko Corolla mai lafiya ba ta da arha ko a nan, masu ita ba sa saki. Jif-jif da akori-kura sun cinye kasuwa, Ford ma ta daina sayar da Fusion da Focus. Peugeot ta bar ƙasar tun 1991, Hilux da Sharan kuwa ba a sayar da su a nan, mai nemansu ya nufi Turai ko Dubai.

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin masu sha'awar mota yanzu shi ne allon taɓawa. Kamfanoni sun kwashe maɓallai sun cusa komai cikin allo, har da na esi, direba sai ya ɗauke ido daga hanya kafin ya rage sanyi. Surutun ya yi yawa har hukumar gwajin haɗari ta Turai, Euro NCAP, ta ce daga 2026 mai neman tauraro biyar sai ya bar wa sigina, fitilar haɗari, waifa da hon maɓallan hannu. Volkswagen ma ta ce za ta dawo da su. A nan maganar jin daɗi ce. A gida kuwa, motar da ta yini a rana cikin watan Afrilu a Sakkwato ko Zinder, in allon ya mutu, a wasu motocin sarrafa esi ya tafi tare da shi. Gas ɗin esin ma ya canja: sababbin suna amfani da R-1234yf, ba R-134a da masu esi suka saba ɗurawa ba, kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Ƙawar waje ita ma da kuɗinta. Bayan madubin cikin mota akwai kyamara, bayan tambarin gaba akwai na'urar auna tazara, su ne ke taka burki da kansu in an kusa karo. In gilashin gaba ya fashe aka canja, ko fanabita ya cire bamba ya mayar, dole a sake saita su da kwamfuta, in ba haka ba mota za ta riƙa ƙara ko ta ja burki babu dalili. Fitilun gaba na LED a rufe suke ruf, ba ƙwai ake canjawa ba, gaba ɗayanta ake saya. Ga rim mai inci 18 ko 19 da siririyar taya, rami ɗaya ya isa ya kumbura gefenta. Da yawa ma ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfo da kwalbar gam. Mai bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya nemi rim 16 da taya mai kauri, ya tabbatar akwai safaya da jak.

Babbar gardamar a kan inji take. Dokokin rage shan mai sun sa an ƙanƙantar da injuna an ɗora musu tarbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji. Accord ta 2018 ta ajiye V6 da injin 2.4, ta koma 1.5 da 2.0 masu tarbo. Highlander ta ajiye V6 a 2023. Ƙarfi akwai shi, amma inji ne mai aiki cikin matsi da zafi, ba ya yafe baƙin mai marar kyau ko wanda ya wuce lokaci. Tarbo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, baƙin man injin ne ke shafa shi, in man ya yi kauri ko datti boris ɗinsa ne ke fara ci, sai hayaƙi mai shuɗi. Yawancinsu kuma kai tsaye suke fesa fetur cikin silinda, da famfo mai matsi sosai da nozul masu ƙananan huda, gurɓataccen fetur ko mai ruwa nan da nan yake kashe su. Kuma da yake fetur ba ya bi ta bayan balbul ya wanke shi kamar a tsofaffin injuna, gawayi yana taruwa a wurin, mota ta fara karkarwa a tsaye. Injin 1.5 na CR-V ta 2017 da 2018 ya yi suna wajen zubar da fetur cikin baƙin mai, ko da yake a jihohi masu sanyi abin ya fi tsanani.

Sunan kamfani ma ba layar tsari ba ce. A 2024 Toyota ta kira Tundra da Lexus LX kimanin 102,000 na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari cikin sabon injinsu tun daga masana'anta. Injunan Theta II na Hyundai Sonata da Kia Optima na farkon shekarun 2010 sun yi ta nokin, wasu har da gobara, aka yi ta canja wa mutane inji kyauta. Wannan kyautar ba ta bin mota zuwa Kaduna. Shi ya sa masana a nan suke da ƙa'ida guda: kada ka sayi samfuri a shekarar farko da aka canja masa fasali, bari wasu su fara gwada ruwan.

Sai giyar CVT. Babu haƙoran giya ɗaya, biyu, uku a cikinta. Bel ne na ƙarfe tsakanin fuli biyu masu matsewa da buɗewa, kuma man cikinta ne ke hana bel ɗin zamewa. Zafi, lodi da fizga su ne ajalinta. Ta Nissan, a Altima da Sentra da Rogue, ita ta fi shan suka, har kamfanin ya tsawaita garantin wasu shekarun. Corolla daga 2014 da Accord mai silinda huɗu daga 2013 galibinsu CVT ne, sun fi ta Nissan juriya, amma kowacce da nata man: NS-2 ko NS-3 na Nissan, HCF-2 na Honda, FE na Toyota. Wanda ya zuba mata jan man giya na gama-gari da ake sayarwa a bakin titi, bel zai fara zamewa ya kankare fulin, daga nan kuma sai sayen wata giyar.

Motar da ta haɗa fetur da batir, wato haibirid, ita ce ta ba mutane mamaki. 'Yan tasi a nan suna zuba mata ɗaruruwan dubban mil. Sienna tun 2021 da Camry tun 2025 haibirid zalla ake yin su. Giyar Toyota ta wannan nau'in ba ta da bel, haƙora ne da injunan lantarki biyu, kuma da wuya ta lalace. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 na san ido ya koma kansu a gida, kuma ban ga laifin hakan ba, da sharaɗi. A yawancinsu babban batirin yana bayan kujerar baya ko ƙarƙashinta, fanka ce ke sanyaya shi da iskar cikin mota ta wata 'yar taga a gefen kujerar. Ƙurar hunturu tana toshe ragar tagar da fankar, batir ya yi zafi, ya mutu da wuri. A riƙa buɗewa ana sharewa, kada kuma a jibge kaya a toshe wurin. Kwamfiresan esinta na lantarki ne, man ND-11 yake sha, in mai esi ya sa masa man da ya saba, wuta za ta bi man, motar ta ƙi tashi. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa ba na mai wayarin da bai koya ba ne, wutar cikinsu tana kisa.

Yawancin motocin da ke zuwa gida daga gwanjon Copart da IAA suke fitowa, kuma ya kamata ku san dalili. Aikin bakanike a nan da awa ake biya, awa ɗaya ta haura dala 100. In kuɗin gyara ya kai wani kaso na darajar motar, a jihohi da yawa kashi 75 cikin 100, kamfanin inshora sai ya biya mai ita, ya tura motar gwanjo da takardar da aka buga wa salvage. To wadda aka buga ta baya ko a ƙofa, fanabita a Kano zai tashe ta da kuɗi kaɗan, wannan ita ce ribar. Wadda aka buga ta gaba har shasi ya motsa, taya ba za ta daina cin gefe ba har abada. Rubutun run and drive da kuke gani a hoto kuwa, abin da yake nufi kawai shi ne ta tashi ta motsa ranar da aka kawo ta filin.

Mafi sharri ita ce wadda ta sha ruwa. Bayan guguwar Harvey a Houston a 2017 da Ian a Florida a 2022, filayen gwanjo sun cika da motoci masu ƙyalli babu ko ƙwarzane. Ruwan ya shiga soket-soket da kwamfutocin da ke ƙarƙashin kujera, tsatsa tana ci a hankali, bayan wata shida yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga. Ku ɗaga kafet ku taɓa soson ƙasa. Ku duba layin dogon kujera ko ya yi tsatsa, ku janyo bel ɗin kujera har ƙarshe ku ga ko akwai zanen ruwa, ku leƙa ramin safaya da akwatin fis ko da laka a kusurwa. Turare mai yawa a mota ma abin tambaya ne. Motocin jihohin ƙanƙara, irin su Michigan, Ohio da New York, gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarƙashinsu, har bututun burki, sai an shiga rami an duba.

Kafin ku tura ko sisi, ku nemi lambar VIN, wato lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Na goma shi ne shekara: 9 ta 2009, A ta 2010, C ta 2012, F ta 2015, J ta 2018. Da wannan ake kama wadda aka canja wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. A sayi rahoton Carfax ko AutoCheck a ga tarihin haɗari da mil, a ninka mil sau 1.6 a samu kilomita. A shafin hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, NHTSA, kuma kyauta ake duba ko akwai gyaran kamfani da ba a yi ba, musamman jakar iska ta Takata, wadda zafi da laima ke lalata sinadarinta har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Accord da Civic na 2001 da 2002 suna cikin mafi haɗari, kuma irinsu na nan birjik a titunanmu. Kwastam na Najeriya ma a 2022 suka fara ƙiyasta kuɗin fito da wannan lambar.

In ra'ayina kuke so, mai neman motar iyali ya tsaya a Camry ta 2010 zuwa 2017 mai injin 2.5 da giya shida, ko Corolla ta 2009 zuwa 2013 mai 1.8 da giya huɗu. Babu tarbo, babu CVT, kayansu na nan a Ƙofar Ruwa da Panteka da Ladipo. Camry Masul ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 tana shan baƙin mai saboda ringi da ramukan fistin da ke toshewa, a duba sandar awo kafin ciniki. A Camry ta 2012 zuwa 2014 kuma a gwada ta da ɗan totur tsakanin kilomita 40 zuwa 80, in tana rawa kamar an hau tsakuwa, matsalar na cikin giya.

In ta iso, a roƙi bakanike ya bar tamostat a wurinsa, kada kuma ya haɗa fanka kai tsaye. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta tana ci gaba da ƙara masa fetur, ya sha mai, ya wanke bangon silinda, ya toshe indomin salansa. Lagireto ruwan sanyaya inji ake zuba masa, ba ruwan leda ba, domin injin alminiyam ne. Baƙin mai a bi abin da ke rubuce a murfi, 0W-20 ko 5W-20, kada a ɗura 20W-50, don ramukan da ke sarrafa buɗewar balbul ƙanana ne. Mil 10,000 da ake yi a nan kafin juye na titi marar ƙura ne. Littafin Toyota da kansa ya ce a hanya mai ƙura mil 5,000 ne, wato kilomita 8,000, matatar iska kuma a riƙa duba ta kowane juye.