Wuraren shaƙatawa na bakin ruwa masu tsada: kuɗɗin da kake zubawa mi yake saya maka?

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata ƙanwata da za ta yi baƙi daga Tawa bayan Sallah ta bugo mini waya wai yaya ina zan kai su, ta ga hotunan wani wuri bakin gulbi da fararen kujeru da lema da fitilu, amma an ce mata shiga kawai jikka biyar kowane kai, shin ya cancanta? Na ce mata tsaya in ba ki amsa a tsanake, don wagga magana ta daɗe tana cina, ni dai na zuba kuɗɗi a irin wuraren nan har na ji kunyar kaina, a nan Yamai da Kwatano da Lome duka, lokacin da nike sauka sayen motoci a tashar jirgin ruwa.

Mu dai a Nijar ba mu da teku, kowa ya sani. Abin da Allah ya ba mu kogin Isa ne, shi ne tekunmu, kuma duk mai son iskar ruwa zaɓinshi uku ne: ko manyan otel na gari masu pisin (wato kwarmin wanka da iyo), ko lambunan bakin gulbi masu rumfuna da waɗanda sunka gyara kansu sunka ɗaga farashi, ko kuma ya haɗa jaka ya sauka kudu inda tekun gaske yake.

Manyan otel ɗin ba sai na ja magana ba. Gaweye yana nan kusa da gadar Kennedy, Grand Hôtel kuma kowa ya san dandalinshi na sama inda ake zama ana kallon faɗuwar rana da buroshet a gaba, sannan ga Radisson Blu da Noom da Bravia da anka buɗe a 2019 saboda taron ƙoli na Tarayyar Afirka da anka yi a Yuli. A irin waɗannan kana biyan abin da kake gani da idonka, wato ruwan pisin mai tsabta, makewayi mai kyau, masu gadi a ƙofa, da kuran, wato wutar lantarki, da ba ya yankewa don suna da babban gurup (janareta). In kana cikin Afrilu ko Mayu zafi ya wuce digiri 40, ka san darajar lemu mai sanyi na gaske. Sai dai ba yashi, ba ka taɓa gulbi, daga nesa kake kallo in ma wurin yana kallon ruwan, kuma kwalbar ruwa da kake saye a butik ɗin unguwa za ka biya ta ninki-ba-ninki.

Inda rikicin yake shi ne na biyun. Nan ne ake sayar da hoto. Wata Lahadi na kai iyali wani wuri, ba ni kiran suna kuma ba ɗaya daga otel ɗin da na ambata ba ne, munka biya kuɗɗin shiga mu shida, anka ɗaura mana wata 'yar robar hannu, wlh shigarmu na ce kai yau kam an gama, ciyawa shar, rumfuna na zana masu kyau, gulbi ga shi nan kwance. Munka zauna. Minti ashirin ba wanda ya leƙo, ni na tashi na je na kamo yaron da ke hidima, na ce ƙanena dan Allah giwan ruwa, wato kapiten, gasasshe biyu da aloko da kaza ɗaya. Ya rubuta ya tafi. La'asar ta yi, munka nemi wurin sallah aka nuna mana bayan kicin kusa da akwatunan kwalabe, tabarma ɗaya tak, buta kuma sai da munka jira. Munka dawo ba abinci, yara sun fara kuka, sai can wajen ƙarfe biyar da rabi ga yaron yana murza hannu, "Alhaji ka yi haƙuri kapiten ya ƙare, sai karfasa." Awa ɗaya da rabi kafin a san kifi ya ƙare! Hajiya ta dube ni ta ce ai da mun tsaya gida mun ci dambu. Ban yi wa yaron faɗa ba, don na ƙirga da idona su uku ne kacal ke yawo tsakanin rumfuna sun fi ashirin, yana zufa yana gudu, laifin na mai wurin ne da ya kashe kuɗɗinshi ga fenti da fitilu ya bar ma'aikata.

To nan na gane abin. Kuɗɗin shiga ba hidima yake saye ba. Yana biyan hayar fili bakin ruwa, gazuwal ɗin gurup, mai gadi, mai kiɗa, da gyaran da ake yi duk bayan damina, sannan yana tace mutane don kar wurin ya cika da kowa. Hidima kuwa tana ga yawan ma'aikata da girman kicin da ranar da ka je. Wurin nan da ya ba ni haushi na sake komawa wata Talata da abokina, ba kowa sai mu da tsuntsaye, cikin minti talatin kifi ya zo da zafinshi, kamar ba su ba. Farashi kuwa ɗaya ne.

Ga kuma maganar lokaci da mutane ba su lura da ita. Gulbinmu sau biyu yake cika, akwai cikar damina wajen Agusta da Satumba lokacin da ruwa ke zama ja saboda laka, sannan akwai ruwan da ke gangarowa daga Gini wanda ke iso mu wajen Disamba zuwa Fabrairu. Mayu da Yuni kuwa ya janye, yashi ya fito, tsofaffi ma suna ba da labarin 1985 da ya tsaya cak a Yamai. Hoton da ka gani a Facebook ƙila an ɗauke shi a Janairu ruwa na lasar ƙafar rumfa, kai ka je ƙarshen Mayu ka tarar da taɓo da sauro. Wanda ya ga ambaliyar 2020 yadda ta yi da Harobanda da Saga ya san wasu wuraren ba su da shiguwa sam a Satumba. Kuma dan Allah kar kuɗɗin shiga ya ruɗe ka ka saki yara cikin gulbi, akwai tsargiya, akwai ramuka, akwai dorina, in za a shiga kwale-kwale ka tambayi rigar ceto kafin ka biya. Na bayan gari irin su Rio Bravo da Bubon waɗanda da can ake zuwa hankali kwance, yanzu sai ka tambayi halin tsaro tukun.

Sai na uku, tekun gaske. A Kwatano akwai Fidjrossè da hanyar nan ta masunta da ke bin gaɓa har Wida, a Lome kuma ka wuce tashar jirgin ruwa ta wajen Baguida da Avepozo, wuraren jere suke. Daɗin abin kuɗɗinmu ɗaya ne, sefa ce, ba canji. Wahalar kuwa hanya, sama da kilomita 1,000 ta Dosso da Gaya da Malanville da Parakou, kuma tun bayan juyin mulkin Yuli 2023 kun san yadda iyakar Benin ta koma, mutane sai da kwale-kwale suke ƙetarewa, don haka ka bincika halin da ake ciki kafin ka yanki tikiti.

Gaskiya a can sun fi mu sanin aikin, don gasa ta yi yawa, in ka ɓata wa mutum rai taku kaɗan zai yi ya shiga na maƙwabci. Amma su ma suna da tarkonsu. Wani wuri na shiga aka ce shiga kyauta, na yi murna, ashe gadon kwanciya na bakin yashi kuɗɗi, tawul kuɗɗi, pisin kuɗɗi, rumfar gaba kuma sai ka yi alkawarin cin abin da ya kai wani adadi, da fakitir, wato takardar biyan kuɗɗi, ya zo sai da na cire tabarau na goge. Sannan tekun can ba na wasa ba ne, igiyar ruwa tana da ƙarfi tana ja ƙasa-ƙasa, mu 'yan tudu da ba mu iya iyo ba iyakarmu idon sawu, ƙarshenta a pisin za ka ƙare wanda kana da irinshi a gida. Ga giya da kiɗa mai ƙarfi daga yamma, in da iyali kake ka je da safe ka fita kafin magariba.

Abin da na ce wa ƙanwata shi ne, kafin ki kwashi baƙi ki je ke kaɗai ko da maigidanki ranar da kike son kai su, Lahadi in Lahadi ce, ki sayi bisap ɗaya ki zauna ki ƙirga mintin da zai yi kafin ya zo. Ki leƙa makewayi, shi ne ba ya ƙarya. Ki tambaya a ƙofa ko kuɗɗin shiga ana cire shi cikin abin da kika ci ko ya tafi kenan, yara nawa suke biya, ana barin a shigo da abinci daga gida, kuma farashin da ke takarda har da haraji ne, don harajin TVA da ake ɗorawa kan abin da ka saya, in ba a haɗa shi ba za ki ji shi a jika. Ki ga wurin sallah da idonki. In akwai pisin ki duba ko akwai mai tsaron yara a tsaye ko yana can yana latsa waya.

In baƙin nata tsofaffi ne masu son zama da hira da iska, ni lambu mai sauƙi wanda ba kuɗɗin shiga zan kai su, a yi odar kifi tun da hantsi ta waya a ajiye. In yara ne sunka fi yawa kuma wanka suke so, a biya pisin na otel, nan kam kuɗɗin yana da abin da ya saya. Na tsakiyan nan masu robar hannu kuwa sai dai ranar aiki. Ta ce to yaya baƙin nata ranar Lahadi kawai suke da ita, kuma surukarta ta riga ta ga hoton fararen kujerun. Na ce to ku ci abinci a gida ku ƙoshi, ku riƙe tabarma da buta a mota.