Tsohon makaniken da ya tsayar mini da yoyon gazuwal a Hilux, bayan wani gareji ya kusa cinye mini jika 150

Motata Hilux ce ta 1994, mai injin 3L ɗin nan lita 2.8 marar turbo, wadda duk mai ɗaukar kaya a Maraɗi ya san ta. Aya da riɗi nake kwasowa da ita daga ƙauyukan wajen Cadawa da Agye, wani lokaci har Gazawa, kuma shekara tara kenan tana hannuna ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. To cikin hunturun da ya wuce sai na fara jin warin gazuwal in na tsaya, da safe kuma in na ja ta daga ƙofar gida sai in ga rairayin wurin ya yi baƙi kamar faɗin faifai. Ba wannan ne ma ya fi damuna ba, tashin safe ne, sai ta kama ta yi kamar minti ɗaya ta mutu, sai na buɗe gaba na danna ɗan famfon hannun nan da ke saman filtir sau ashirin ko talatin kafin ta yarda. Maƙwabta har sun saba, in sunka ji ni ina fama sun san an kusa bakwai.

Garejin farko ba zan faɗi sunansa ba, yaran kirki ne ta wajen magana amma aikin dai Allah ya kyauta. Ko buɗe gaba ba su yi ba sunka ce buji ne, masu ɗumama injin nan kafin a tayar, wai sanyi, na sayi buji huɗu. Washegari abu na nan. Na koma na nuna musu jiƙar da ke jikin filtir, sunka ce a to filtir ne, anka sayo sabo, yaro ɗaya ya sa ƙarfe mai sarƙa ya ɗaure shi yana nishi kamar mai ɗaure tayar tirela. Ni kuma da rashin sani har daɗi nake ji wai an ɗaure da kyau. Kwana biyu yoyon da yake ɗigo-ɗigo ya koma tsiyaya, ga gazuwal ba araha ba, ko da anka sauke shi zuwa sefa 618 lita a 2024 ai ba ruwan rijiya ba ne da za ka bari ƙasa tana sha. Da na koma karo na uku maigidan ya kalle ni ya ce Alhaji babban famfon inji ne ya gaji, sai an kwance an kai Kano, ka tanadi jika 150, wato sefa dubu 150. Nan ne jikina ya yi sanyi na ce bari in yi shawara.

Wani direba da muke lodi tare shi ya ce in gwada wani dattijo da ke gyaran injin gazuwal kawai, can bakin hanyar da ta nufi Ɗan Issa. Wurin ba allo ba komi, rumfar kwano ce da bedi guda ɗaya da tsofaffin kawunan inji zube a ƙasa, in ba a kwatanta maka ba wucewa za ka yi. Na gaishe shi na ce Baba an ce babban famfo ne. Bai ce mini e ba bai ce a'a ba, ya ce ɗana wa ya ce? Na faɗa mishi. Sai ya ce to bari mu tambayi motar.

Abin da ya yi shi ne ya sa ni rubuta wannan. Ya sa yaro ya wanke filtir da kan filtir ɗin da tiyo-tiyon da ke wurin da ruwan Omo, anka goge anka bari ya bushe ƙarau, sannan ya ɗebo toka mai laushi daga murhun mai shayin da ke gefe ya barbaɗa ko'ina, ya danna famfon hannun har ya yi tauri, ya ce mu zauna. Wallahi ba mu gama kofin shayin farko ba tokar ta yi duhu wuri biyu, ɗaya a bakin sama inda filtir ya haɗu da kai, ɗaya can ƙasa inda ɗan abin robar nan mai waya yake, wanda ke kunna wuta a tablo in ruwa ya taru. Babban famfon da anka ce a kai Kano kuwa a bushe yake, ko danshi babu.

Da ya kwance filtir ɗin, kuma da ƙyar ya kwantu saboda ɗaurin da anka yi mishi, sai ya kira ni ya ce zo ka gani da idonka. Roba biyu ce a wurin! Tsohuwar robar ta manne a kai, yaran can ba su duba ba sunka ɗora sabuwa a kanta, da anka matsa sai ɗaya ta gurɗe ta leƙo gefe. Abin ƙasan kuma roba ce mai tauri, an kama shi da filaya an murɗa har ya tsage, tsaguwa siririya kamar gashi sai ka karkata shi ga rana kake ganinta. Na ce Baba ba a liƙa shi da gam? Ya yi dariya ya ce a liƙa mana, in kana son ka dawo ranar Juma'a. Anka aika kabu-kabu cikin gari ya samo wani tare da 'yar zoben robarsa.

Yadda ya ɗaura sabon ma abin kallo ne, ya tsoma yatsa a gazuwal ya shafa wa robar, ya murɗa da hannu har ta taɓa, sannan ya ƙara abin da bai kai zagaye ɗaya ba, kamar kashi uku cikin huɗu, shi kenan. Na ce Baba ba zai kwance a hanyar Agye ba, ka san gargadar wurin. Ya ce roba ce ke tare mai ba ƙarfin hannu ba.

Ni a zatona an gama, har na fara laluba aljihu, sai ya ce tukuna, yoyon da kake gani mun tsayar saura wanda ba ka gani. Ya ciro wani tiyo garai-garai da ake hango abin da ke cikinsa, ya sa shi tsakanin filtir da babban famfo, ya ce a tayar. Ga mai na wucewa amma da 'yan kumfa ƙanana jere kamar carbi. A nan ya yi mini bayanin da tun da nake tuƙi ba wanda ya taɓa yi mini. Ya ce wannan injin ba shi da famfon lantarki a tanki da zai turo mai, babban famfon ne da kansa yake tsotsowa tun daga baya, saboda haka duk wata 'yar kafa da ke hanya in mota na aiki iska take shiga ta nan, in an kashe kuma man ya sulale ya koma tanki cikin dare, da safe ka tarar da filtir rabi. Shi ya sa take kamawa da ɗan abin da ya rage sai ta mutu. Kafar kuwa a cikin ɗan famfon hannun take, fatar robar da ke ciki ta tsufa ta tsattsage, wato abin da nake dannawa kullum da safe don in taimake ta shi ne ɓarawon. Anka sa wani kan filtir na hannu da ya fito daga motar da anka kwance, ya yanke bakin tiyo ɗaya da ya bushe ya sa sabon maɗauri, anka sake tayarwa, mai ya wuce fes ba kumfa ko ɗaya.

Ya kuma juye abin da ke cikin tsohon filtir a gorar ruwa ya ajiye a rana, can sai ga ruwa ya kwanta ƙasa kamar yatsa biyu da wata laka ja. Ya ce ina kake shan mai? Na ce gidan mai, amma in na ƙure a ƙauye nakan sayi na jarka wajen 'yan ruwa-ruwa. Ya ce to ai ga sunansu nan a gora. Ya nuna mini 'yar fukar da ke ƙasa wadda ake sassautawa ruwan ya zube, ya ce in riƙa yi lokaci-lokaci musamman da damina, kada in jira sai wuta ta kama a tablo.

Kuɗi kuwa, filtir da abin ƙasa da kan filtir na hannu da maɗauri sun ci jika 23, shi ya ce in ba shi jika 5 na aiki, na ba shi 7 ya mayar mini da 2 ya ce in saya wa yara shayi da hannuna in ina so.

Amma kada wani ya tafi ya zo yana zagina, wurin yana da nashi. Baba ba shi da sauri ko kaɗan, na isa ƙarfe tara ban bar wurin ba sai bayan la'asar, kuma motoci biyu kawai na tarar. Waya in ka kira sau biyar da wuya ya ɗauka sau ɗaya. Ba ya ajiye kaya, komi sai an aika cikin gari kuma kai za ka biya ɗan kabu-kabu, wurin zama benci ɗaya ne da rana ke cimma shi tun kafin azahar, sannan yaransa sun bar mini tambarin hannu baƙi a kujera da sitiyari wanda har yau na kujerar bai fita ba. In motarka irin sababbin nan ce masu kwamfuta ma kada ka wahalar da kanka, a gabana ya sallami wani mai sabuwar Hilux ya ce shi ba ya taɓa abin da sai an jona mishi na'ura.

Yau wata uku kenan, na yi Gazawa ya fi sau goma, makulli ɗaya take tashi ko da asuba. Buji huɗun da anka cire mini a garejin farko na kai mishi ya gwada su da batir, duka huɗun sunka yi ja, suna nan cikin leda a ƙarƙashin kujera.