Hut mai doro ko hut Baraid: wanne ka gani a Farasan?

Ɗan'uwa mai fita teku daga Jizan a Saudiyya ya tambaya: ya hango hut (ƙatuwar dabbar teku mai shaƙar iska, whale a Turance) yana kiwo kusa da tsibiran Farasan na Bahar Maliya, tsuntsaye na shawagi a kansa, shin mai doro ne? Malam, kusan tabbas nau'in hut da ake kira Baraid ka gani. Shi ne aka saba gani a Bahar Maliya, mai doro kuwa baƙo ne a nan, sai jefi-jefi.

Wutsiya ce ke raba gardama. Mai doro in zai nitse yakan lanƙwasa baya ya ɗaga wutsiya sama, Baraid kuwa sulalewa yake yi, da wuya ka ga tasa. Fiffiken gefen mai doro kan kai mita 5, kusan sulusin jikinsa, kansa duk ƙuraje kamar fatar kada. Baraid fiffikensa gajere ne, ƙayar bayansa a lanƙwashe kamar lauje, da layuka 3 a tsaye bisa kai. Sai dai in ruwa na wanke kan, layukan ɓacewa suke, nan masu gaggawa ke kuskure. In kuma babu feshin numfashi, wutsiya na kaɗawa dama da hagu, kifin shak mai ɗigo-ɗigo ne, ba hut ba.

Wajen ci duka biyun ba su da haƙori. Su wage baki su afka cikin garken ƙananan kifi ko jatan lande, maƙogwaro ya kumbura kamar salka, sannan su turo ruwan waje ta matatar baki, abincin ya tsaya. Baraid yawanci shi kaɗai ne ko su biyu, yana sauya hanya ba shiri, bin sa wahala ne. Mai doro ya fi dabara: a Alaska sukan haɗu su zagaye garken kifi da kumfar iska, su taso ta tsakiya baki buɗe. Kada ka sa ran wannan a Farasan.

Masu doro mafi kusa da mu suna gaɓar Oman, wajen Zufar da Masira. Ba sa ƙaura zuwa ruwan sanyi kamar sauran, don iskar damina na taso da ruwan ƙasan teku mai albarka, abinci na gida. Ƙiyasi ya ce ba su kai 100 ba, tun 2008 suna cikin masu haɗarin ƙarewa.

In ka sake haɗuwa da hut, tsaya nesa da mita 100, ta gefe, kada ka tare masa gaba, ka rage inji, in ba haka ba garken kifin ya watse shi ma ya daina ci. Rubuta lokaci, wuri daga GPS, yawan feshi da mintunan da ya yi a ƙasa. Hoton Baraid a ɗauki ƙayar baya da kai. Na mai doro ƙasan wutsiya ake so, rana a bayanka, domin zanen fari da baƙi na wurin kowanne da nasa, kamar zanen yatsa.