Kashi 36 na kwana ina kallo, wai Buckells ne H

Tun farko in faɗa, duk wanda bai kai ƙarshen zango na shida na Line of Duty, shirin ƴan sandan nan na BBC, ba ya tsaya a nan, kada gobe ya ce na ɓata masa, don ni yau sai na amayar da abin da ke cikina.

Jiya wajen ɗaya da rabi na dare na gama kashi na bakwai, wato na ƙarshe, kuma wallahi na fi minti goma a zaune da kwamfuta a cinya ina kallon baƙin allo. Tsakin da na ja ne ya tashi maman yara, ta ce Abban su lafiya? Na ce lafiya ƙalau. Ta ce to wannan tsakin fa da tsakar dare, na ce wai Buckells ne. Ta ce waye kuma haka, na ce ai matsalar kenan, ba kowa ba ne. Ta juya ta ci gaba da baccinta, kuma ta fi ni gaskiya.

Na san na makara, mutanen Ingila tun ranar 2 ga Mayun 2021 suka kalli abinsu a BBC suka yi faɗansu suka huce, ni sai yanzu nake nawa. Ƙanina ne ya jawo min, shi ya kawo min a filashi daga wajen mai turinsa ya ce Yaya in ka fara wannan ba za ka iya ajiyewa ba, kuma bai yi ƙarya ba, sati uku na yi ba na bacci kan lokaci, zango shida, kashi 36, kowanne kusan awa guda, wasu ma sun wuce, in an ɗauke wuta in koma waya, in caji ya ƙare in lallaɓa in jona a batirin sola na falo kamar ɓarawo. Har makara na yi a wajen aiki sau biyu saboda ƴan AC-12.

Ga wanda bai sani ba ya ƙi jin gargaɗina, AC-12 sashe ne na ƴan sanda masu farautar ƴan sanda ƴan uwansu da suka ci hanci ko suke yi wa miyagu aiki. Mutum uku ne ƙashin bayansa, oga Hastings dattijon nan mai faɗa, da Steve, da Kate. Ba harbe-harben ne suka kama ni ba, ɗakin tambayoyin nan ne. A zaunar da babban ɗan sanda a kunna rikoda ta yi ƙarar nan mai tsawo kamar ba za ta daina ba, sannan a fara zaro takardu ɗaya bayan ɗaya, kana gani mutum ya shigo da ƙwarin gwiwa yana cewa shi sai wanda ya fi shi muƙami ne zai yi masa tambaya, kafin minti ashirin gumi ya wanke shi. Ni a nan suka saye ni.

To sai aka kawo maganar H. Tun lokacin da Dot Cottan, ɗan sandan AC-12 da ashe miyagu yake yi wa aiki, yake gargarar mutuwa a ƙarshen zango na uku aka ɗauki bayaninsa, daga baya aka nuna mana ya yi ishara da harafin H, wai akwai wani babba a cikin ƴan sanda da yake juya komai. Muka bi Hilton, wani babban jami'in ƴan sanda, ya mutu. Muka zargi Hastings kansa har raina ya ɓaci da dattijon, zango na biyar gaba ɗaya a kansa aka ƙare. Sannan aka dawo aka ce a'a ku duba yatsun Dot, bugawa yake sau huɗu, H a harshen bugun Morse ɗigo huɗu ne, kenan mutum huɗu ne, shi Dot ɗin, da Hilton, da lauyar nan Gill, saura na huɗu. Na ce to ba komai, mu je zuwa. Ni da ƙanina har alkawarin tsire muka yi, ni na ce na huɗun Osborne ne, babban kwamishinan ƴan sandan, don fuskarsa kaɗai ta isa shaida kuma tun zango na farko shi ya so a rufe maganar mutumin da aka harbe bisa kuskure, shi kuma yaron ya yi ta dariya bai ce komai ba, ashe mugun ya riga ya sani yana kallona ne kawai.

Yanzu ku ji yadda aka yi mana. An taso da hadari baƙi ƙirin, kiɗa na tashi, ana tafe da mutum zuwa ɗakin tambayoyi an ƙi nuna fuskarsa, a nuna hannu, a nuna baya, a nuna fuskar Hastings, ni kuma na miƙe zaune na cire filo daga bayana, zuciyata na bugawa kamar ni za a kama. Aka zaunar da shi. Kyamara ta ɗago. Buckells.

Buckells fa! Solobiyon ɗan sandan nan da tun 2012 yake yawo a cikin shirin ba ya cas ba ya as, wanda in an ba shi bincike sai ya lalata, wanda in ya buɗe baki kai da kake kallo sai ka ji kunya ta kama ka. Mutumin da ko akuya aka ba shi ya ɗaure sai ta kwance. Kuma abin haushin ma a cikin wannan zangon an riga an kama shi tun tsakiya an kai shi kurkuku yana ta raki kamar yaro, mun riga mun cire shi daga lissafi. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa, to amma ko a masaƙar ai a ga wuta, wannan hayaƙi ne kawai. Na dakatar da bidiyon na mayar baya don na ɗauka akwai wani a bayansa da ban gani ba. Babu. Na ci gaba ina duba mintunan da suka rage ina cewa yanzu zai ambaci sunan ogansa, yanzu ƙofa za ta buɗe, yanzu wani zai zaro bindiga kamar yadda aka yi a ƙarshen zango na uku da Dot ya tura saƙo ɗan sandan da ke gadi ya buɗe wuta Kate ta bi su a guje har tana maƙale a jikin babbar mota. Shiru. Mutumin nan ya zauna yana cewa shi fa saƙo kawai yake isarwa tsakanin gungun miyagu, manyan sun mutu ɗaya bayan ɗaya shi ya rage.

Kuma da me aka kama shi? Da kuskuren rubutu. Wai bai iya rubuta kalmar definitely ba, yana sa a inda ya kamata ya sa i, aka bi tsofaffin rahotanni aka ga shi ma haka yake rubutawa. Haba jama'a. Ni da nake nan Kano rabin waɗanda na sani da suka yi boko haka za su rubuta ta, har da ni kafin jiya, kenan duk mu ne H.

Da safe na kasa haƙuri na shiga intanet in ga ko ni kaɗai ne, sai na tarar ashe gari guda ne. Mutum miliyan 12.8 ne suka kalle shi a daren da aka haska, sama da rabin duk masu kallon talabijin a ƙasar a wannan lokacin, kuma da yawansu kukan da nake yi shi suka yi, wasu na cewa shekara tara suka yi suna jira aka ba su wannan, wasu sun ƙi yarda ma cewa an gama suna ta jiran a ce akwai ɓoyayyen kashi na takwas. Na ɗan ji sanyi gaskiya, ni sati uku kawai na yi asara, su tun 2012 suke bi, har da jiran da korona ta ƙara musu don sai da aka dakatar da ɗaukar zangon a 2020. Akwai kuma masu kare shi, suna cewa ai ma'anar kenan, ku ne ba ku gane ba. Da farko waɗannan sun fi ba ni haushi, irin mutanen nan da komai aka yi sai sun nuna sun fi kowa fahimta.

To amma ga inda abin ya juya min, kuma ban so ba. Ina zaune a ofis wajen sha ɗaya sai ga wani babba a wajenmu ya shigo yana neman fayil ɗin da ke riƙe a hannunsa. Na bi shi da kallo. Mutumin nan shekara goma sha ina ganinsa, bai taɓa kammala aiki ɗaya da kansa ba, duk inda aka kai shi sai an samu matsala, in takarda ta ɓata a teburinsa sai a ce ai kun san halinsa a yi dariya a wuce, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya wai takardun da suke ɓata ɗin nan wa ɓatansu yake amfana. Kuma duk ƙarin girma da shi a ciki, don ba wanda yake jin tsoronsa, manya sun fi son irinsa a kusa da su. Ban ce yana yin komai ba fa, Allah ya gani ban sani ba, amma a take na ji jikina ya yi sanyi, na ce kai, ashe Buckells ɗin nan na san shi. Mu mun saba da fim ɗin da bos yake da tabo a fuska da ƴan rakiya da dariyar mugunta, akta ya sha wuya a ƙarshe ya gama da shi. Shi kuwa marubucin, Jed Mercurio, cewa yake ɓarna ba ta buƙatar mai wayo, wawa mai kwaɗayi ya isa in dai kowa zai ci gaba da cewa ai wawa ne. Wurin da Buckells ya daina rakin nan ya gyara zama ya fara yi musu murmushin raini yana nuna su ne sakarkarun da suka kasa ganinsa shekara da shekaru, da na sake kallo da rana na yarda ɗan wasan ya iya, Nigel Boyle sunansa. Da yadda suka ɗaure shi da bakinsa, in ya amsa da hannunsa a kisan ƴar jaridar nan Gail Vella ya rasa kariyar da yake nema, in ya yi shiru ma ya rasa. Wannan ya yi, ban hana su ba.

Har na fara rubuta wa ƙanina cewa na janye, sai na tuna Thurwell, raina ya sake ɓaci sabo fil. Don Allah me ye amfanin ɗauko babban ɗan wasa kamar James Nesbitt a nuna mana hotonsa a ce ga tsohon ɗan sandan da ya gudu Sifaniya, mu yi ta lissafi a kansa, sannan a je a tarar da gawarsa, ko kalma ɗaya bai furta ba? Wannan ai rainin hankali ne da gangan. Ga Osborne da na sa tsirena a kansa, yana can yana jawabi gaban ƴan jarida ko ƙwarzane babu. Ga matar nan Carmichael, jami'ar da aka ɗora a kan AC-12, mai murmushin da ke sa ni jin kamar in fasa allon, an bar ta a kan kujera an haɗe sassan an rage musu ƙarfi, Hastings kuma an tura shi ritaya. Dattijon ya je da ƙafarsa ya faɗa mata laifinsa, ta kalle shi kamar bango. Ita kuwa Jo Davidson, ƴar sandan da ke jagorantar binciken kisan Gail Vella, da ta yi ta yi wa bincike zagon ƙasa tun kashi na farko an ba ta sabuwar rayuwa da gida mai kyau a ƙauye har da kare. Na san an tilasta ta ne tun tana yarinya, na ji tausayinta a tambayoyin nan na kusan rabin awa a kashi na shida, amma dai kare fa.

Kuma ko na yarda da ma'anar, ai ba wa'azi na zo ji ba. In haka kuke nufi me ya sa kuka yi shekaru kuna kaɗa mana gangar H, H, H, kuna ƙare kowane kashi da abin da zai hana mutum bacci? Ku kuka koya mana jiran babban bos sannan ku dawo ku ce laifinmu ne da muka jira shi. Kashi na biyar da aka ƙare Kate da yaron nan Ryan, ɗan sandan da miyagu suka dasa, sun saita wa juna bindiga allo ya yi baƙi aka ji harbi biyu, ƙarfe biyun dare ne amma sai da na buɗe na gaba. Wanda ya iya wannan ai ya iya ba mu ƙarshe mai zafi in ya so, ƙi ya yi.

In tauraro ake bayarwa zango na biyu da na uku biyar cif, Lindsay Denton, ƴar sandan da AC-12 suka bincika a zango na biyu, ita kaɗai ta isa, har yau ban san ko in tsane ta ko in tausaya mata ba. Wannan kashin na ƙarshe jiya da dare ɗaya na ba shi, da rana a ofis ya koma huɗu, yanzu da nake rubutun nan na tuna Thurwell ya sauko biyu da rabi. Ƙanina ya kira ɗazu wai Yaya tsiren fa, na ce ai kai ka riga ka kalla kafin mu yi alkawari, wannan cuta ce, AC-12 ya kamata su bincike ka. Ya ce to in dawo masa da filashinsa akwai mai jira. Na ce ya bari sai jibi, ina so in koma zango na farko in ga fuskar Buckells ɗin nan tun ranar da ya fara shigowa.