Musaya da dila ko sayarwa da kanka: amsa ga mai Hilux

Malam, ka ce kana da Hilux ƙirar 2012 mai shan fetur, mai gida biyu, wadda ka shekara shida kana zirga-zirga da ita tsakanin Kaduna da gonarka ta wajen Saminaka, kuma wani dila ya yi maka tayin ka ajiye masa ita ka yi ciko ka ɗauki ƙirar 2018. Tambayarka ita ce ko ka karɓi musayar, ko ka nemi mai saye da kanka ka riƙe kuɗinka a hannu kafin ka shiga kasuwa. Ra'ayina shi ne, muddin ƙafafun motar huɗu suna ja kamar yadda ka faɗa, kuma takardunta sun cika, sayarwa da kanka ta fi maka riba. Sai dai akwai yanayin da musaya ke rinjaye, kuma zan bayyana shi, domin ribar da ake gani a baki ba kullum take isa aljihu ba.

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne, dila ba don ya hau yake karɓar motarka ba. Idan ya dube ta, lissafin da yake yi a zuci shi ne nawa zai sayar da ita, sannan ya cire kuɗin fenti da gyaran jiki, da kuɗin bakanike, da hayar fili da mai gadi, da la'adar yaran da za su kawo mai saye, da watannin da jarinsa zai kwanta, da ribarsa. Abin da ya rage shi ne abin da zai taya. Wannan ba zalunci ba ne, sana'arsa ke nan, amma yana nufin cewa farashinsa farashin sari ne. Shi kuwa wanda zai saya ya hau, farashin da yake kwatantawa da shi shi ne wanda aka faɗa masa a filin dilolin, don haka ko ka sauka ƙasa da su kaɗan, kana sama da abin da dila zai ba ka. Tazarar da ke tsakanin waɗannan farashi biyu ita ce ladan wahalar da za ka sha idan ka zaɓi sayarwa da kanka.

A mota mai ja da ƙafa huɗu tazarar nan ta fi faɗi fiye da yadda take a ƙaramar mota irin Corolla, kuma nan ne nake so in daɗe. Dila yana yi wa Hilux kuɗi ne bisa shekarar ƙira, da kyan jiki, da sanyin na'urar sanyaya ciki, domin su ne ke jan idon mai wucewa. Ba kasafai yake ƙara maka ko sisi don giyar taimako, wato ta ja da ƙafa huɗu, tana shiga ba, tun da yawancin masu zuwa filinsa ba za su taɓa sauka daga kwalta ba. Amma manomi, da ɗan kwangilar da ke kai kaya ƙauye, da mai aikin haƙar rijiyar burtsatse, da mai safarar hatsi daga kasuwannin karkara, su abin da suke nema ke nan, kuma sun san wahalar samunsa. Motoci da yawa da ke ɗauke da tambarin 4WD a jiki, a gaskiya da ƙafa biyu suke tafiya: wata an cire mata firofelar gaba lokacin da ta fara ƙara aka ƙi gyarawa, wata kuma na'urar da ke haɗa aksil ɗin gaba ta ƙame saboda an shekara ba a sa ta aiki ba. Kamfanin Toyota da kansa yana ba masu irin waɗannan motoci shawarar su riƙa tafiyar kimanin kilomita 16 da ƙafa huɗu a kowane wata, don mai ya zagaya kayan gaban. Kai da kake shiga taɓo duk damina ka cika wannan sharaɗi ba tare da ka yi niyya ba. Wannan lafiya ce da za ka iya nuna wa mai saye da idonsa: ka kai shi hanyar burji ko yashi, ka matsa sandar giyar taimako daga H2 (ƙafa biyu) zuwa H4 (ƙafa huɗu), ka tsaya ka sa L4 (ƙafa huɗu mai ƙaramar giya), ya ga fitilar ta kama, ya ji motar ta ja a hankali da ƙarfi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada dai a yi gwajin a busasshiyar kwalta, domin Hilux ba kamar Prado ba ce da ke ja da ƙafa huɗu a kowane lokaci, idan aka sa ta a H4 aka yi kwana a kan kwalta, kayan cikinta ne ke ɗaurewa. Idan ka ba dila wannan mota, ka ba shi lafiyar kyauta, shi kuma zai sayar da ita da tsada ga wanda ya san darajarta.

Akwai kuma wata dabara a cikin musaya da take ruɗa mutane, wato haɗa ciniki biyu a mayar da su lamba ɗaya. Bari in kawo misali da lambobin da na ƙaddara don lissafi kawai. A ce dila ya ce ka kawo cikon miliyan 22. Zai iya cewa ya yi wa taka kuɗi miliyan 18, tasa kuma miliyan 40, sai ka ji daɗi an daraja motarka. Alhali da ka zo masa da kuɗi a hannu, wataƙila da ya sallama tasa a miliyan 37, wanda ke nufin ainihin abin da ya ba ka a taka miliyan 15 ne. Maganin wannan shi ne ka raba cinikin gida biyu. Ka tura wani ɗan'uwa ya taya ta 2018 ɗin da tsabar kuɗi ba tare da ambaton musaya ba, har ya ji inda za a sallama. Sannan ka kai taka wurin diloli biyu ko uku dabam ka tambaye su nawa za su saya yau su biya. Akwai ma kamfanoni irin su Cars45, wanda Jiji, dandalin saye da sayarwa na intanet, ta saya a 2021, da ke duba mota su faɗi tayinsu. Da waɗannan lambobi biyu za ka san haƙiƙanin cikon da ya dace. Idan ka ci karo da shawarwarin da aka rubuta don Amurka, za ka ga suna yabon musaya saboda a yawancin jihohinsu harajin saye a kan cikon kawai ake lissafa shi. Kasuwarmu ta motocin hannu ba a kan wannan take tafiya ba, don haka kada ka sa shi cikin lissafinka.

Inda musaya ta fi ƙarfi shi ne lokaci. Cikin yini ɗaya ka shiga da mota ka fito da wata, aikin gona bai tsaya ba. Mai sayarwa da kansa kuwa zai iya yin mako uku ko wata biyu yana amsa waya, yana jiran mutanen da suka ce ga su nan tafe ba su zo ba, yana sauraron masu taya rabin kuɗi. Hatsarin da ya fi wannan shi ne tsakanin ranar da ka sayar da ranar da ka saya. Duk wanda ya sayar da mota a tsakiyar 2023 ya zauna da kuɗin yana neman wadda ta kwanta masa a rai, ya san abin da nake nufi. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu na wannan shekara, aka saki naira a watan Yuni, dalar da hukuma ke sayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin motoci kuma ya bi ta, har da waɗanda suka daɗe a cikin gida. Wanda ya yi musaya a lokacin bai ji wannan zafi ba, domin motarsa da wadda ya karɓa a rana ɗaya aka yi musu kuɗi. Darasin a nan shi ne kada ka sayar sai ka riga ka ga wadda za ka saya, ka duba ta, an tsayar da farashi. Idan mai ita zai karɓi kafin alƙalami ya jira ka mako biyu, to a rubuta.

Batun tsaro ma yana ɓangaren dila. Hilux mota ce da ɓarayi ke so, kuma tallata ta a Facebook ko Jiji yana nufin baƙin da ba ka sani ba za su zo. Kada ka yi mahaɗa a gidanka, kada ka je kai kaɗai, kada ka ba mai gwaji makulli ya tafi ba tare da kai ko bakanikenka a ciki ba, kuma ka rufe lambar motar a hotunan da za ka saka. Wajen biya, saƙon waya ba shaida ba ne, domin alat na bogi ya raba mutane da dukiyarsu. Ku shiga banki tare, ka ga kuɗin sun zauna a asusunka, sannan makulli da takardu su bar hannunka. Kada ka yarda da jakar kuɗi: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗin da suka wuce naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Haka nan kada ka karɓi rabi a ce za a cika bayan an girbe masara, ko da ɗan'uwa ne. Idan dillali ne ya kawo mai saye, a yanke la'adarsa tun kafin a fara, kuma ka nemi ka yi magana da mai sayen baki da baki, don kada a ɗora wani abu a kan farashinka wanda zai kori mutum alhali kai ba za ka gani ba.

A wajen takardu kuwa hanyoyin biyu kusan nauyinsu ɗaya, sai dai mutane sun fi sakaci a musaya. Mutum yakan ajiye mota a filin dila ya tafi, ta wuce hannu biyu ko uku tana ɗauke da lambarsa da sunansa, ranar da aka yi haɗari ko aka aikata laifi da ita sai 'yan sanda su zo ƙofar gidansa. Ko wa ka ba motar, a rubuta takardar yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji, da kwanan wata, da sa hannun shaidu, ka riƙe kwafin katin shaidar mai karɓa, kuma ka matsa a yi canjin mallaka a ofishin lasisin motoci na jiha. Sannan ka duba takardar kwastan ta wadda za ka karɓa da idon basira. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, saboda haka Hilux ƙirar 2018 da aka ce ta biyo ta Kwatano a ƙasa tana buƙatar bayani. Ka kai lambar shasin ofishin kwastan a tabbatar maka an biya fito kafin ka saki taka. Musanya mota mai tsaftatattun takardu da wadda za a iya ƙwacewa a shingen hanya ita ce asarar da ta fi duk wani ragin farashi.

Zan ƙara da abin da ya shafi amana. Shekara shida a hanyar gona ba ta barin mota yadda take: a duba shokozoba, da sifirin baya, da tsatsa ko walda a jikin shasi. Idan akwai aibi ka faɗa, ko ga dila ko ga mai saye, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma a shari'a mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. A nan ne ma musaya take da wani amfani na halal. Motar da giyarta ke zamewa ko injinta ke shan baƙin mai, mai saye na gida zai tsorata ya karya farashinta fiye da kima, ko ya dawo maka da rigima bayan mako ɗaya, dila kuwa yana da bakanikensa da hanyarsa ta samun kayan gyara da sauƙi a Panteka ko Ƙofar Ruwa, zai cire kuɗin gyaran ya karɓa a wuce wurin. Ga mai irin wannan mota, ni musaya zan ce ya yi.

Taka ba haka take ba, bisa ga abin da ka bayyana. Kafin ka yanke, ka lura da cewa Hilux ta sauya jiki a 2015, amma mai shan fetur ɗin ta 2018 injin nan ne dai mai lita 2.7 da ke cikin taka, an ɗan inganta shi. Abin da za ka biya wa ciko shi ne sabon jiki, da ƙarancin tafiya, da maɓallin murɗawa a madadin sandar ƙafa huɗu, wanda ya fi daɗin aiki amma ya dogara da lantarki, don haka shi ma a gwada shi a yashi kamar yadda za a gwada taka. Idan har ka ga cikon ya cancanta, ka wanke motar ciki da waje har ƙarƙashinta, ka canza mai, ka tattara rasiɗan gyaran da kake da su, amma kada ka yi mata sabon fenti, domin masu saye suna ɗaukar sabon fenti a matsayin alamar an ɓoye haɗari. Ka fara sanar da manoma da 'yan kwangilar da ka sani kafin ka kai ta intanet, musamman bayan kaka lokacin da kuɗi ke hannun mutane, ko gab da faɗuwar damina lokacin da kowa ke tuna halin hanyar gonarsa. Ka ba kanka mako uku. Idan a cikinsu an taya ta da abin da ya ɗara tayin dila da tazarar da za ta biya la'ada da hayar motar da za ka riƙa zuwa gona da ita kafin ka sayi wata, har wani abu mai kauri ya rage, ka sallama. Idan makonnin sun cika ba a kai nan ba, ka koma wurin dilan da lambobin nan biyu da ka tattara, ka nemi ya rage cikon a kansu.